Baki shi ke yanka wuya: haƙoran dattawa da lafiyar jikinsu

Duk ƙarshen wata, in albashi ya faɗo ko kasuwa ta yi kyau, saƙonni kan fita daga tashoshin Damagaram zuwa Dakusa da ƙauyukan da ke kewaye da ita: buhun shinkafa, kwalin sukari, ganyen shayi, ƙullin goro, da ƴan jikkuna na sayen maganin hawan jini. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, kowa na ƙoƙarin sauke haƙƙin iyaye daidai ƙarfinsa. In an yi waya a tambayi ƙafa, a tambayi ido, a tambayi barci. Abu guda ne ba a cika tambaya ba, shi ne ko tsoho yana iya tauna abin da aka aika masa.

Dalili kuwa sananne ne. Jama'a sun ɗauki zubar haƙori tamkar furfura, wato abin da shekaru ke kawowa, ba a kai ƙararsa gidan likita. Amma furfura ba ta taɓa kwantar da kowa ba, shi kuwa ruɓaɓɓen baki yana kwantarwa, wani zubin har ya kai mutum kushewa. Hausawa da suka ce baki shi ke yanka wuya magana suke nufi. Likitocin zamani sun gano cewa karin maganar ya yi daidai ko da mai bakin bai ce uffan ba.

Ba tsufa ke cire haƙori ba

Baligi na da haƙora 32, kuma babu wata doka ta halitta da ta ce sai sun zube. Cututtuka biyu ne ke zubar da mafi yawansu. Ta farko ita ce ruɓewar haƙori, wadda mutane ke dangantawa da tsutsa. Babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, suna cin sukarin da ya rage a baki, suna fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da haƙorin sannu a hankali har ya yi rami. Ta biyu, wadda ta fi addabar dattawa, ita ce ciwon dasashi. Dauɗar da ba a goge ba takan daskare a gindin haƙori ta yi tauri kamar dutse, dasashi ya kumbura yana fitar da jini, sa'an nan ya janye, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin ya dinga zaizayewa. Ciwon kan ɗauki shekaru ba tare da zafi ba. Ranar da haƙori ya fara girgiɗi, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, cikin rahoton da ta fitar a watan Nuwamba na 2022, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyar 3 da rabi ke fama da wata cuta ta baki, wajen miliyar guda daga cikinsu kuwa ciwon dasashi mai tsanani ne. Cikin waɗanda suka kai shekara 60 ko suka wuce, kimanin kashi 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya.

Shaidar cewa abin yana da makawa ta zo daga ƙasar Japan. A 1989 hukumomin lafiya da likitocin haƙori na can suka shiga wani yaƙi da suka raɗa wa suna 8020, ma'ana mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20, domin da ashirin ana iya tauna kusan kowane irin abinci. A lokacin, ko mutum ɗaya cikin goma na masu waɗannan shekaru bai cika wannan sharaɗi ba. A ƙidayar 2016 sun haura rabi. Mutanen ba su daina tsufa ba, kulawa ce ta canza.

Hanya ta farko: ciki

Ɓarnar baki na bin hanyoyi uku ta isa sauran jiki, kuma wadda ta fi kusa ita ce ta abinci. Dattijon da turamen bakinsa suka zube ba ya cewa yana jin yunwa. Abin da yake yi shi ne ya janye hannu daga abin da ya fi ƙarfinsa: yau ya bar tsire da kilishi, gobe ƙuliƙuli da gyaɗa, jibi kwaɗon zogale da ɗanyen ganye. Daga ƙarshe a same shi ya koma ga kunu, koko, fura da shayi mai sukari. Ciki na cika, amma abin da ke gina tsoka da jini ya ragu ƙwarai. Sai cinyoyi su zube, tashi daga tabarma ya zama aiki, rauni ya daɗe bai warke ba, zazzaɓin da dā yakan kaɗe cikin kwana uku ya kwantar da shi mako biyu. Iyali su ce jikin tsufa ne, alhali kuwa yunwa ce a tsakiyar wadata.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. A gidajen karkara maza kan ci a kwano guda a zaure ko a ƙofar gida. Mai tauna da ƙyar ba ya iya bin saurin hannun samari, kuma girma ba ya barinsa ya ce a dakata masa. Mai warin baki ko mai wawulo yakan rage zama cikin jama'a, ya rage magana, ya rage dariya. Tsohon da ya bar majalisa ya shige ɗaki, rabin ƙarfinsa ya riga ya tafi.

Hanya ta biyu: jini

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dasashin da ya kumbura gyambo ne a ɓoye. Masana sun auna cewa, ga mai ciwon da ya yi tsanani, in aka haɗa faɗin wuraren da suka tsage kewayen haƙora zai kai santimita murabba'i 8 zuwa 20. Da a ƙauri irin wannan gyambo yake, da ba wanda zai bar mahaifinsa ya yi shekara goma da shi ba wanki ba ɗauri. Ta wannan kafa ƙwayoyin cuta ke kutsawa cikin jini duk lokacin da aka yi tauna, jiki kuma ya zauna cikin yaƙin da ba ya ƙarewa.

Inda aka fi tabbatar da illar wannan shi ne ciwon sukari, wanda ke ƙara yaɗuwa cikin ƴan kasuwa da ma'aikatan ofis masu yawan zama. Tun 1993 wani masani mai suna Harald Löe ya kira ciwon dasashi illa ta shida ta ciwon sukari, bayan ta ido, ta ƙoda, ta jijiyoyi da sauransu. Cututtukan biyu suna ciyar da juna ne: sukarin da ya hau yana raunana dasashi, kumburin dasashi kuma yana hana sukarin sauka ko ana shan magani. A 2018 likitoci a birnin Landan suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi kan masu ciwon sukari 264. Waɗanda aka kankare wa gindin haƙora da kyau, bayan shekara guda, awon da ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata uku ya sauka da maki 0,6 fiye da na sauran. Wannan ya yi kusa da abin da ƙarin ƙwayar magani guda kan yi. Don haka mai ciwon sukarin da ke kai jikkuna farmasi kowane wata, bakinsa kuwa na zubar da jini, ɗibar ruwa yake yi da kwando.

Game da zuciya, wajibi ne a faɗi magana daidai gwargwadonta. Tun wani bincike da aka yi a ƙasar Finland a 1989 ake lura cewa masu ruɓaɓɓen baki sun fi kamuwa da toshewar jijiyoyin zuciya. Amma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa tarayyar cututtukan biyu ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba, tun da taba, ciwon sukari da talauci duk suna jawo su tare. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, ga wanda ƴan ƙofofin cikin zuciyarsa suka riga suka sami lahani, ƙwayoyin cutar baki na iya bin jini su maƙale a wurin, su haddasa ciwo mai kisa. Irin wannan mutum ya kamata ya sanar da likita halin zuciyarsa kafin a cire masa haƙori.

Hanya ta uku: huhu

Ita ce hanyar da aka fi jahilta, kuma ita ce mai saurin ɗaukar rai. In shekaru suka ja, ko mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki, haɗiya takan yi rauni. Alamarta ita ce yawan ƙwarewa da tari wajen shan ruwa ko kunu. Cikin barci kuma ɗan yawu kan sulale ya bi hanyar iska ba tare da mai shi ya farka ba. In bakin mai tsabta ne, huhu na iya jurewa. In cike yake da dauɗa da ruɓa, ƙwayoyin cuta ne ake zubawa kai tsaye cikin ƙirji. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama sama, a ce sanyin hunturu ne ya kama tsoho.

Wani likitan haƙori ɗan Japan, Takeyoshi Yoneyama, da abokan aikinsa sun bi tsofaffi fiye da 400 a gidajen kula da dattawa 11 har shekara biyu, suka bayyana sakamakon a 1999 da 2002. Rabin tsofaffin ana goge musu baki bayan kowane cin abinci, ma'aikacin haƙori kuma na duba su sau ɗaya a mako. Sauran an bar su yadda suka saba. Ciwon huhu ya kama kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka bari, ya kama kashi 11 na waɗanda ake goge wa, mutuwa daga ciwon kuma ta ragu da fiye da rabi. Ba duk gwaje-gwajen da suka biyo baya ne suka sami bambanci mai girman wannan ba, amma asibitoci da yawa a duniya sun mai da wanke bakin majinyaci wani sashe na jinya. Wani binciken na birnin Tokyo, a 2015, ya nuna cewa tsofaffin da ke kwana da haƙoran roba a baki sun ninka sauran wajen haɗarin kamuwa da ciwon huhu. Darasin mai sauƙi ne ga duk gidan da ke da tsoho a kwance: ana yi masa wanka, ana juya shi, ana canza shimfiɗa, to a haɗa da bakin.

Magani, taba da awartaki

Wasu magungunan da dattawa ke sha kullum, cikinsu har da na hawan jini, suna busar da yawu. Yawu kuwa shi ne mai gadin baki, shi ke wanke tsami ya kashe ƙwayoyin cuta. In ya ƙafe, saiwar haƙoran da dasashi ya janye ya bari a fili takan ruɓe cikin ɗan lokaci, balle ga mai kurɓar shayi mai sukari tun hantsi har dare, ko mai tsotsar alewa don jiƙa maƙogwaro. Wani maganin hawan jinin ma, irin su amlodipine da nifedipine, yakan sa dasashin wasu ya yi tsiro ya rufe haƙora. Wanda ya ga haka kada ya daina shan magani da kansa. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa ya nuna.

Tabar da ake cusawa a kumatu ko ƙarƙashin leɓe, da kanwa ko ba kanwa, da wadda ake busawa, su ne manyan masu jawo ciwon daji na baki. Duk miki, ko farin tabo, ko jan tabo, ko ƙullutu a harshe, kumatu ko leɓe da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai shi ga likita, ko da ba ya zafi.

In ciwon haƙori ya tashi cikin dare a ƙauye, abin da ke kusa shi ne mai tallar magani a kan tire da kuma mai awartaki. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofène, in tsoho ya daɗe yana sha, suna cin tumbi, su lahanta ƙoda, su ƙara hawan jini, ruɓar kuwa tana nan tana aiki a ƙarƙashi. Ɗora aspirine a kan dasashi ƙona shi yake yi. Shi kuwa awartakin da ba a dafa ba yana iya ɗauko ciwon hanta daga wani baki ya kai wani, kuma sau da yawa yakan karya haƙorin ya bar saiwa a ciki. Akwai alamun da ba a jiran wayewar gari a kansu: kumburi ƙarƙashin haɓa ko wanda ya doshi ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta gagara, zazzaɓi ya rufe mutum. Ruɓar turmin ƙasa ce ta gangara wuya, tana iya toshe numfashi cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman ga mai ciwon sukari. A nemi mota nan take.

Tsakanin Dakusa da babban asibiti

Mutanen jihar Damagaram sun riga sun san cewa ciwon baki na kisa. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ke karɓar yaran da cutar noma ta cinye wa fuska a cibiyarta ta birnin Damagaram, kuma a watan Disamba na 2023 OMS ta sa cutar cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci. Noma ta yara ce, amma daga kumburin dasashi take farawa a jikin da yunwa ta raunana. Wayar da kan da aka yi wa uwaye game da bakin yaro, ba a yi kwatankwacinta ba game da bakin kaka.

Matsalar ma'aikata kuwa babba ce. A ƙididdigar OMS, yankin Afirka na da likitan haƙori guda ga mutum wajen dubu 30 a matsakaici, a Nijar kuma ƙarancin ya fi haka tsanani, ƴan kaɗan ɗin da ke akwai a Yamai da manyan birane suke. Dattijon Dakusa da ciwonsa ya fi ƙarfin ma'aikacin likitar gari, sai ya nufi Damagaram, da kuɗin mota, da mai rakiya, da masauki. Jinyar kyauta da aka kafa a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu ne. A watan Satumba na 2024 aka fara aiki da ragin rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, abin da ya sauƙaƙa wani ɓangare na nauyin, amma bai rage nisan hanya ba.

Ba za a sami likitan haƙori a kowace gunduma gobe ba. Abin da zai yiwu shi ne ma'aikacin jinyar da ke auna hawan jini da sukari a likitar gari ya ƙara minti biyu ya ce wa tsoho ya buɗe baki, ya duba da fitila, ya san wanda zai ba shawara da wanda zai tura gaba. Makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram da sashen likitanci na jami'ar André Salifou na da ikon sa wannan cikin abin da ɗalibansu ke fita da shi. A 1960 matsakaicin tsawon rai a Nijar bai kai shekara 40 ba, yanzu ya kai wajen 60. Dattawa za su ƙara yawa, da bakunansu.

Abin da ke hannun ƴaƴa

Mai karatu da ke da tsoho a gida ba sai ya jira hukuma ba. In ya je gaisuwa, ya zauna lokacin cin abinci ya lura: me ake turewa gefen kwano, da wane ɓangare ake tauna, ana tari wajen shan ruwa? Yaro ba ya cewa mahaifinsa buɗe baki in gani, amma yana iya cewa: «Baba, na ga an bar naman, ko haƙori ne ke damu?» Tsohuwa kuma ta fi sakin jiki da ɗiyarta ko jikanyarta.

Cikin saƙon ƙarshen wata a rage kwalin sukari guda, a sa buroshi mai taushi da man goge baki mai sinadarin fluor, wanda OMS ta sa cikin jerin magungunan da ba a rasawa tun 2021. A goge sau biyu a yini, na dare kafin kwanciya ya fi muhimmanci, a tofar da kumfan ba tare da kurkurewa da ruwa mai yawa ba. Asuwaki abu ne mai kyau, kuma dattawa sun riƙe shi tun kafin zuwan buroshi. Sharaɗinsa a sabunta bakinsa, a bi kowane haƙori ciki da waje har turame na can ƙurya, a kuma bi dasashi a hankali ba da ƙarfi ba. Jinin da ke fita wajen gogewa alama ce ta ciwo, ba dalilin dainawa ba ne. Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya ma a share masa dasashi da harshe da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. Haƙoran roba a cire su da dare, a wanke, a ajiye. Mai haƙorin Makka ya kula da gindinsa, domin dauɗa na son maƙalewa a bakin ƙarfen.

A kicin kuma a sauya dahuwa maimakon a sauya abincin: nama a daka ko a dafa shi ya yi lugub, wake ya nuna sosai, a sa ƙwai, nono, garin ƙuliƙuli da dakakken zogale cikin miya, a ba tsoho kwanonsa da lokacinsa, ya ci a zaune, kada ya kwanta nan da nan bayan ya gama. In an kawo shi Damagaram awon hawan jini ko na sukari, a haɗa tafiyar da ganin likitan haƙori ko da sau ɗaya a shekara, tun ciwo bai tashi ba.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma gidan da ke da dattijo mai ƙarfin zama a zaure ya raba gardama ya san darajar abin da yake da shi. Allah ya ƙara wa iyaye lafiya, ya ba ƴaƴa ikon kula da su.